Wa ya yi aikin, yaro ko mai walda?

Bana an saka ni cikin kwamitin da ya tsara ƙa'idojin baje kolin kimiyya na makarantun shiyyarmu a nan Gusau, kuma tun da takardar ta fita wayata ba ta huta ba. Iyaye da malamai kowa da ƙorafinsa. Bari in amsa a nan gaba ɗaya, in huta da maimaici.

Wanda zai shiga ba shi da wuyar ganewa. Ɗalibi ne mai rajista a makaranta, ta gwamnati ko ta kuɗi, har da Islamiyyar da ke haɗawa da boko. Rukuni uku ne: firamare daga aji 4 zuwa 6, ƙaramar sakandare, sai babbar sakandare. Yaro ɗaya aiki ɗaya. In haɗaka za a yi, kada a wuce mutum uku. Wannan adadin aro muka yi daga babbar gasar Amurka da ake kira ISEF, wadda aka faro tun 1950, kuma sun yi gaskiya, don da zarar an kai biyar to biyu ke aiki, sauran rakiya suka zo.

Inda muka ƙi bin su shi ne batun shekaru. A can sai ɗan aji 9 zuwa 12 (wato JSS3 zuwa SS3 a wurinmu) wanda bai cika 20 ba kafin 1 ga Mayu. Wani a cikinmu ya so mu kwafo wannan, har da neman takardar haihuwa. Na ce masa ya dubi inda muke. A 2021 an rufe makarantu a jihar nan bayan sace ɗalibai a Jangebe da Maradun. Akwai yaran da suka baro ƙauyukansu da kayan jikinsu kawai, suka yi zaman gida mai tsawo kafin su samu gurbi a cikin gari. Yaron da aka ƙone gidansu, ina za ka ce ya samo takardar haihuwa? Muka tsaya a kan aji. Wasiƙar shugaban makaranta da ke cewa wane ɗan ajinmu ne ta wadatar.

Ƙa'idar da ta fi jawo mini surutu ita ce ta littafin aiki, wato littafin da yaro ke rubuta abin da ya yi a kan aikinsa rana-rana. Duk wanda bai zo da shi ba, alƙalai ba za su tsaya a teburinsa ba, ko da kuwa roka ya ƙera.

Duk wanda ya taɓa zuwa taron JETS, ƙungiyar kimiyya da fasaha ta 'yan makaranta, ko makamancinsa ya san abin da nake nufi. Za ka tarar da jirgi mai saukar ungulu na kwanon rufi, ya sha fenti, farfela tana juyawa, mutane sun yi cincirindo ana ɗaukar hoto. Ka tambayi yaron me ya sa ya zaɓi wannan batirin, sai ya waiwaya yana neman malaminsa. Ɗinkin waldar ma kaɗai ya isa ya gaya maka hannun wanda ya shekara yana sana'ar ne. A gefe kuwa ga wata yarinya da tukwane biyu da ma'aunin zafi, ba mai kallon ta. Ta ji labarin Muhammad Bah Abba na Jigawa, wanda ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, mai sanyaya kayan abinci ba tare da lantarki ba. Sai ta tambayi kanta: shin wannan sanyin yana nan daram da damina, ko sai da rani? Ta riƙa auna zafin cikin tukunyar safe da rana da yamma tana rubutawa, ta ga cewa in iska ta yi laima sanyin raguwa yake yi, tun da ruwan yashin ba ya saurin ƙafewa, kuma ƙafewar ce ke janye zafin. A wurina wannan yarinyar ita ta zo da kimiyya wurin.

Wani mahaifi ya same ni a kan wannan, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, kuɗi na kashe fa, ba kaɗan ba. Yanzu don littafi za ku kori yaro?" Na ce, "Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, ba korar sa muka yi ba. Ya rubuta abin da ya yi da hannunsa, ya rubuta abin da mai walda ya yi, mu kuma mu ba shi maki a kan nasa." Ba mu hana babba taimakawa ba. Ba za a ba ɗan aji biyu injin yankan ƙarfe ba ai. Ɓoyewar ce muka hana.

Shi ya sa lokacin tambayoyi malami da iyaye suna waje. Kuma yaro yana da damar amsawa da Hausa. A nan ma an kai ruwa rana kafin a yarda, amma na sha ganin yaro ya san aikinsa ciki da bai, Turanci ya ɗaure masa harshe, wani mai haddar sakin layi uku ya tafi da kyauta. Allon bayani dai da Turanci za a rubuta, saboda wanda ya ci gaba zuwa matakin jiha ko na ƙasa zai buƙace shi.

Sai abubuwan da aka haramta. Ba wuta, ba fetur, ba jona waya da lantarkin gida. Batir da ƙaramin faifan sola sun isa. Ba a renon ƙwayoyin cuta ko funfuna a gida. Ba a hana dabba abinci don a ga abin da zai faru. In za a yi wa mutane tambayoyi, musamman yara, sai da yardar iyayensu a rubuce. A ISEF ko ruwa da ƙasa ba a bari a ɗora kan teburin baje koli. Mu ba mu kai can ba, don yawancin yaranmu aikin tace ruwa suke kawowa, sai muka ce a zo da shi cikin gora a rufe, kuma kada kowa ya ɗanɗana.

Ƙasar wurin haƙar zinare kuwa babu sassauci a kanta. Wani ɗalibi ya nemi izinin kawo ta don ya nuna yadda ake wanke ta, har da zaibar da ake kama zinaren da ita. Tunaninsa mai kyau ne, amma muka ce a'a. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma ta hanyar niƙa irin wannan dutsen a cikin gidaje ƙurar ta shiga jikinsu. Ba za mu buɗe buhunta a ɗakin da ke cike da 'yan firamare ba. Muka ba shi shawara ya koma kan bayanan da aka riga aka wallafa game da aikin tsaftace Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da gubar ta shafa.

Wannan ne dalilin da ya sa fom ɗin neman izini yake zuwa kafin a fara aiki, ba bayan an gama ba. Aikin bara da aka sake wa fenti shi ma ba ya shiga, sai in an ƙara sabuwar tambaya da sabon awo.

Ga malaman da ke tambayata wane irin littafi ake so: na rubutu ne na kanti, mai fallaye 40 ma ya yi. A rubuta da biro, a sa kwanan wata a kowace rana, kada a yage shafi, kada a goge kuskure, a ja masa layi ɗaya kawai. Ranar da gwaji ya ƙi ma a rubuta ta, alƙalai na ba da maki a kanta.