Daga Maigatari zuwa Kano da doki mai rauni

Ranar Laraba da yamma muka bar Kano ni da Kawu, muka bi ta Gezawa, Ringim, Gujungu, muka kwana a Gumel saboda kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci kuma Kawu yana so ya riga dillalai shiga kara. Doki yake nema na hawan sallah. Wanda bai taɓa zuwa Maigatari ba wallahi ya kamata ya je, raƙuma da shanu da dawakai daga Nijar suke shigowa tun asuba, ƙura kuwa ba a magana. Kafin azahar ya sayi wani bikili mai tsayi, muka samu mota kanta muka loda shi.

Mun wuce Gumel kaɗan direba ya taka burki saboda rami, dokin ya zame, wani ƙarfe da ya fito a jikin bodi ya yanke shi a sangalin ƙafar baya. Da muka sauko da shi jini na gangarowa har kofato, nan da nan mutanen gefen titi suka taru, wannan ya ce a zuba baƙin mai, wancan ya ce toka, wani ma har ya ɗebo ƙasa. Kawu ya daka tsawa ya ce kar wanda ya taɓa. Ni dai abin nan na baƙin mai yana ƙona min rai, datti ne kawai ake cusawa cikin nama, daga baya likita ya rasa yadda zai ɗinke.

Kawu ya sa yaron mota ya riƙe ragama yana shafa wuyan dokin, ni kuma ya ce in tsaya ta gefe daf da jikinsa kar in kuskura in tsaya a bayansa. Ya warware rawaninsa ya ninke, ya ɗora kan ciwon ya danne da tafin hannu. Na ce Kawu bari mu duba ko ya tsaya, ya ce "a'a yaro, ɗagawar nan ita ke ɓalle gudan jinin." Da jini ya ratso sai ya ƙara wani ƙyalle a kai bai cire na ƙasa ba, haka har wajen minti 15. Mun yi sa'a jinin mai duhu ne yana kwarara, ba ja jawur mai tsartuwa ba, mai tsartuwar shi ne alamar babbar jijiya ta tsinke. Kuma doki mai kilo 400 yana ɗauke da jini kusan lita 30, abin da ya zuba ya fi tsoratar da ido fiye da yi masa illa.

Aka samo auduga da bandeji a kemis, Kawu ya shimfiɗa auduga da kauri sannan ya naɗe daidai, ya hana a ɗaure da igiya domin ƙasan ƙafar doki fata ce da ƙashi da jijiya, ka matse da yawa ka kashe ƙafar.

Sauran tafiyar a hankali muka yi ta, a Gujungu da Ringim muna tsayawa muna taɓa kofato mu ji ko da ɗumi. Bayan magariba muka shiga Kano, likitan dabbobi na jiranmu a barga, ya wanke da ruwan gishiri, ya duba ya ce bai kai gaɓa ba, ya ɗinke ya yi masa allurar tetanos, ya kuma faɗa wa Kawu ƙiri-ƙiri cewa bana dokin nan ba zai yi hawa ba.