Kwamin baƙin dutse na ƙauyen East Meon

Daga tashar Waterloo ta Landan na shiga jirgin ƙasa zuwa Petersfield, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, daga nan motar haya ta kai ni East Meon, wani ƙauye a yankin Hampshire da ƙaramin kogi ya ratsa tsakiyarsa. Ana yayyafi, takalmina duk ya jiƙe. Cocin All Saints na jingine da gindin tudu, ƙofarsa a buɗe, ba kowa ciki sai wata dattijuwa mai gyara furanni.

Abin da ya kawo ni shi ne kwamin baftisma, wato dutsen da aka fafe ake zuba ruwa a ciki don yi wa jarirai baftisma. Baƙi ƙirin ne, mai kusurwa huɗu. A Tournai ta ƙasar Beljiyam aka sassaƙa shi a ƙarni na 12, aka yo dakonsa ta ruwa. Irinsa bakwai ne a Ingila, huɗu suna nan Hampshire, abin da ya sa ake danganta zuwansu da Henry na Blois, bishop ɗin Winchester da ke nan Hampshire daga 1129 zuwa 1171, ƙanin Sarki Stephen na Ingila.

Sai da na tsuguna na ga aikin sosai. Ga halittar Adamu da Hawwa'u, ga maciji, ga kora daga Aljanna. A gaba kaɗan mala'ika yana nuna wa Adamu yadda ake haƙa ƙasa da shebur, Hawwa'u kuma tana kaɗi. A nan na daɗe. Kakata haka take zama da mazarinta bayan la'asar, auduga a hannun hagu, bakinta bai daina hira ba. Ban taɓa zaton zan tuna da ita a cocin Turawa ba. Kawunan mutanen sun yi wa jikinsu girma, idanu kamar na kwaɗo, amma ni dai sun fi min gumakan manyan majami'u masu santsi daɗin kallo, domin wanda bai iya karatu ba ma zai bi labarin da yatsa.

Dattijuwar ta matso ta tambaye ni ko na san da can kulle irin waɗannan kwamaye ake yi. An ce a 1236 Akbishop Edmund na Canterbury, wato babban limamin cocin Ingila, ya ba da umarnin a riƙa sa musu murfi da kwaɗo, saboda ruwan da aka tsarkake yakan daɗe a ciki, mutane kuma na sata su haɗa asiri. Dariya ta kama ni. Na ce mata, Mama, ashe ku ma kun yi zamanin bokaye.

Ta ce ita ma a kwamin nan aka yi mata baftisma, da 'ya'yanta uku, sannan ta koma kan furanninta. Na fita neman shayi kafin motar komawa ta iso.