Likita marar allura

Innata har yau in an tambaye ta aikin mi ɗiyarta ke yi a asibiti sai ta ce ai likita ce amma marar allura, hira kawai take da mutane a biya ta ƙarshen wata. Da can abin yana min ciwo ƙwarai, na yi karatun sikoloji a Yamai, jami'ar Abdou Moumouni, na sha rana na sha jiran bursu, na dawo Maradi da takarda ina jin kaina, sai ga shi a gidanmu ma an mai da ni mai hira. Yanzu kam ni da kaina haka nake cewa in na shiga ƙauye, don in na ce psikolog ba mai ganewa, in kuma na ce likitar ƙwaƙwalwa to na kori kowa ke nan, kowa zai ja zanensa ya ce ai ni ban haukace ba.

Inda aikin ya fara koya min hankali shi ne 2019, lokacin da mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina sunka riƙa kwararowa yankin Gidan Rumji dubbai saboda ƴan bindiga, kafin daga baya a zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Yawanci mata ne da yara. Kuma ba wadda ta taɓa zuwa ta ce min tana da ciwon tunani, a'a, abin da za ka ji shi ne zuciyata na bugu kamar ana daka, kaina zafi kamar an ɗora garwashi, wani abu na yawo cikin jikina, ba ni barci. A yi gwajin palu ba komi, a auna tansiyo lahiya lau, sai anfirmiye ya gaji ya ce je ki wajen madam.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa, za ta yi sa'ar yayata. Ta zauna bakin tabarma da goyo, ni kuma ga fish, takardar cike bayanin marar lahiya, a hannu ga biro, cike da ɗokin in nuna na iya aiki, na ce mata yaya ba ni labarin abin da ya faru tun daga farko. Ta ba ni kuwa. Duka. Daren da anka shigo garinsu, abin da anka yi ma mijinta a gabanta, abin da anka yi mata, tana magana murya a miƙe kamar mai lissafin kwanon hatsi, ni ina ta rubutu ina cewa sannu, sai kuma mi ya faru. Da ta gama sai na ga hannunta na rawa har ba ta iya ɗaure goyon. Na ba ta randebu mako mai zuwa. Ba ta dawo ba. Maƙwabciyarta ce ta ce min tun ranar da ta je wajenki kwana uku ba ta runtsa ba, ta ce kin tone mata abin da ta binne.

Wallahi na daɗe ina jin nauyin wannan. Kuma abin haushin ba wai ilimin babu ba ne, hukumar lahiya ta duniya OMS tun 2011 ta hitar da jagorar taimakon farko ga wanda masifa ta afka ma, kuma a ciki an ce kar a matsa ma mutum sai ya ba da labari. Ni ce dai na ɗauka cika fish shi ne aiki. Tun daga nan na sake tambayar farko. Yanzu cewa nake kin samu abin ci yau, ina kike kwana, wa ke kama miki yaran, cikin dare ƙarfe nawa kike farkawa. Labarin daren nan nata ne, in ta ga dama bayan wata biyu ta kawo shi da kanta, in ba ta kawo ba ma muna iya aiki.

Wani abin da na lura da shi, mutum ya fi samun sauƙi ranar da ya gane ba hauka yake ba. Matan nan da yawa in kabu-kabu ya wuce da gudu sai ka ga sun zabura, wata har ta faɗa bayan randa, don maharan kan babura sunka zo. Sai in ce musu jikin mutum yana da mai gadi, naku mai gadin ya ga ɓarayi da idonsa, shi ya sa yanzu ko kyanwa ta taka kwano sai ya busa usur, ba lalacewa ya yi ba, aiki ne ya yi masa yawa. Nan take sai ka ga an yi dariya an ce wallahi haka ne. Turawa sai a 1980 sunka sa ma wannan ciwon na firgita bayan masifa suna PTSD cikin kundin likitocin Amurka, bayan sojojinsu sun dawo daga yaƙin Biyetnam, amma mu tuntuni muna da firgita da razana da tsinkewar zuciya, kuma da waɗannan kalmomin nake aiki. Galibin mutane in sun samu wurin kwana da abinci da dangi kusa, abin yana lafawa da kansa cikin makonni. Wanda ya wuce wata guda yana ta maimaita abin a mafarki da ido biyu, yana gudun duk abin da zai tuna masa, shi ne muke zama da shi sosai. Akwai wani tsari na OMS mai zama biyar, mako-mako, ana koyon numfashi a hankali da warware matsala ɗaya bayan ɗaya da komawa ƴan ayyukan yau da kullum. Numfashin da tasbaha nake koya shi, a ja iska ana jan ƙwara uku a sake ana jan huɗu, ya fi shiga kai bisa ga in ce a ƙirga da Faransanci. Ƙwayar barci kuwa irin su diyazefam, wadda ake samu hannun masu tallar magani a faranti, faɗa nake da ita kullum, OMS ma ta ce kar a ba wanda abin ya same shi kwanan nan, tana kwantar da mutum dare ɗaya ta bar shi da jaraba.

Batun malamai ba ni da rigima da su, a Maradi ai kafin mutum ya iso gare ni ya sha rubutu, an yi ruƙiyya, wani ma an kai shi wajen ƴan bori a ɓoye. Ina cewa a ci gaba da addu'a mu ma mu yi namu. Inda nake tsayawa kai da fata shi ne duka da ɗauri da hayaƙin barkono.

To ɗayan rabin aikin nawa na matasa ne, abin da ya shafi balaga da al'ada da ciki da cututtukan kwanciya, kuma da farko na ɗauka ayyuka biyu ne daban, safe wannan maraice wancan. Wata amarya ce ta haɗe min su. Shekararta 15, uwar miji ta kawo ta, wai ta ƙi ɗaki, da magariba ta yi sai ta fara kuka tana rawar jiki, cikin dare ta haura katanga ta gudu gidan kakarta, an ce aljani ne ya aure ta. Duk tambayar da na yi ma yarinyar uwar mijin ke amsawa, ita ko kanta a ƙasa tana wasa da bakin hijabi. Sai na ce Hajiya don Allah ki taimaka ki sawo mana karne, littafin asibiti, a gishe, layin da ɗan tsawo. Tana hita na matsa kusa ban ce komi ba, mun fi minti biyar shiru, can sai ta ce Tanti ni ba wanda ya gaya min haka ake yi. Ke nan. An yi mata lalle an yi mata gyaran jiki an koya mata girki da gaisuwar surukai, abu ɗaya ne ba wanda ya buɗe baki a kai. Alamominta kuwa sak na matan Gidan Rumji, sai dai ita nata babur ɗin ƙarar buɗe ƙofa ce.

Kar a ce ƙari nake, a Nijar cikin mata 100 kusan 76 an aurar da su kafin su cika 18, jihar Maradi kuma ta ma haura haka, dokar farar hula da muka gada ta yarda da 15 ga mace 18 ga namiji. Wanda ke son ganin ƙarshen wasu daga cikin yaran nan ya je Danja nan kusa da gari, cibiyar masu yoyon fitsari da anka buɗe a 2012, ya ga ƙananan mata da sunka kwana biyu uku suna naƙuda a gida. Ɗinki yana tsai da yoyon, amma wadda miji ya saka, kishiyoyi sunka ware ma kwano, ita ma sai an zauna da ita. Tun 2006 muna da dokar lahiyar haihuwa, planin kuma, wato maganin tazarar haihuwa, kyauta ne a asibitin gwamnati, sai dai yarinya ba za ta zauna benci ɗaya da ƙawar uwarta tana jiran allura ba, ko da an ce za a ba ta kuɗi. Shi ya sa kalma ma sai an zaɓa. In na ce ƙayyade iyali an rufe min ƙofa, in na ce hutun haihuwa ko tazara sai tsohuwa ta ce ai mu ma da can goyon ciki muke zuwa gida mu huta. Mazan kuma in ba a jawo su ba aikin banza ne, makarantar mazaje da anka fara a Damagaram, inda magidanta ke zama suna tattauna lahiyar haihuwa, ta gane haka tun da wuri. Ita amaryar nan sai da wani abokin aikina namiji ya zauna da mijin sau uku kafin abu ya fara daidaita, yaro ne shi ma, abin da ya sani daga fada da bidiyon waya ya koyo shi.

Samarin ai su dabararsu ɗaya ce, Tanti wani abokina ne ke jin zafi in zai yi fitsari, ya sha kafso bai daina ba. Ban taɓa cewa ƙarya kake ba, sai in ce to ka ce ma abokin naka ya zo a duba shi, kuma ya bar tramol ɗin nan, ba ƙarfi yake ƙarawa ba. Washegari sai ga abokin, da riga iri ɗaya da ta jiya. Akwai kuma waɗanda anka lalata suna ƙanana, maza, su ba ma wanda ke tunanin tambayarsu, sai sun girma sun zama masu faɗa ko masu shaye-shaye a ce yaron banza ne.

Abin da ke ƙona min rai har gobe shi ne fyaɗe. Maganin kariya daga sida cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki kwana 5, kuma daidai waɗannan kwanakin ne ake kashewa ana kai da kawo tsakanin dattawa, a rufa asiri, a yi sulhu, kar sunan gida ya ɓaci. Sai bayan wata uku a kawo min yarinya wai ta daina magana. Yanzu duk taron mata da na samu, biki ko suna ko tontin, sai na cusa maganar kwana ukun nan ko ba a tambaye ni ba, a fara kai ta asibiti, zancen manya ya biyo baya.

Riƙon sirri a garin nan shi ma wani aiki ne, don Maradi kowa ɗan uwan kowa ne. Na sha haɗuwa da wadda nake gani a gidan biki a Ali Ɗan Sofo ko cikin babbar kasuwa, ba na fara gaishe ta, in ta kau da kai ni ma in kau, har an taɓa kai ƙarata wajen Inna wai ɗiyarki ta yi boko ta daina gaisuwa. Ni kaina akwai lokacin da abin ya bi ni gida, na riƙa tashi cikin dare ina duba sakata, ɗiyata in ta yi jinkirin dawowa daga lakwal minti goma sai in hau ta da faɗa, sai da wata abokiyar aiki ta ce ke ma fa kina buƙatar mai sauraren ki, yanzu duk wata muna haɗuwa mu biyu mu sauke.

Satin da ya wuce bayan isha'i ina cin tuwo Inna ta leƙo ɗakina, bayanta wata maƙwabciyarmu da ɗiyarta budurwa sun rakuɓe a zaure. Ta rage murya ta ce ajiye kwanon nan, zo ki yi musu hirar nan taki, ni zan ja uwar mu zauna tsakar gida.