Bayan an ɗauke gawar: inda labaran rikicin ETA ke tuntuɓe

Ƙungiyar ETA ta kashe mutum sama da 850 tsakanin 1968 da 2010, a fafutukarta ta ɓalle yankin Bask daga Sifaniya da Faransa. Ranar 20 ga Oktoba 2011 ta sanar cewa ta daina kai hari, a 2017 ta miƙa makamanta, a watan Mayu 2018 kuma ta rusa kanta. Tun da bindiga ta yi shiru alƙalami ya samu sarari, musamman bayan littafin Patria na Fernando Aramburu ya fito a 2016 ya karɓu ƙwarai. Tsarinsa shi ne iyali biyu a ƙaramin gari guda, ɗaya an kashe musu maigida, ɗayan kuma ɗansu ne ya shiga ƙungiyar. Tsarin mai kyau ne, amma ya zama tarko, don mai koyi yakan ɗauki ƙashin ya bar naman. Naman kuwa ƙananan abubuwa ne na zaman yau da kullum, kuma a wurinsu ake gane wanda ya san ƙasar da wanda ya ji labarinta daga nesa.

Kuskure na farko shi ne shekara. Wanda ETA ke hara a 1980 daban yake da wanda take hara a 2000. Shekarar 1980 ce ta fi muni, an kashe sama da mutum 90, kuma yawancin waɗanda aka kashe a wancan zamanin jandarmomin Guardia Civil ne, da 'yan sanda, da sojoji, da mutanen gari da aka yi wa tambarin 'yan leƙen asiri. Da yawan jami'an nan samari ne 'ya'yan talakawa daga wasu yankunan Sifaniya kamar Andalucía ko Extremadura ko Galicia. Akan yi musu addu'a a gaggauce, a sa akwatin a mota ko jirgi a mayar ƙauyensu, matar da ba ta kai talatin ba ta tattara yara ta bi baya. Idan marubuci ya cika dandalin gari da dubban masu makoki a kan irin wannan gawa, ya ɗauko hoton wani zamani ya manna a inda bai dace ba. Kalmar da ke yawo a lokacin ita ce “algo habrá hecho”, wato lalle akwai abin da ya yi, ruwa ba ya tsami banza. Wannan furuci ya ci gwauraye da marayu fiye da yadda ake zato, domin bayan rashin sai aka ɗora musu kunya.

Daga 1995 lamarin ya juya. A watan Janairun shekarar aka harbe Gregorio Ordóñez, kansila a San Sebastián, yana cin abinci a tsohuwar unguwar birnin, daga nan kansiloli da 'yan jarida da alƙalai da malaman jami'a suka shiga layi. A Yuli 1997 aka sace Miguel Ángel Blanco, matashin kansila daga Ermua, aka ba gwamnati awa 48 ta dawo da fursunonin ƙungiyar kusa da gida, wa'adi na cika aka harbe shi. Miliyoyi suka fito tituna. Saboda haka taron makokin da bai dace da 1980 ba ya dace da 1998. Kuɗi ma haka: kafin 2002 da peseta ake lissafi, daga nan sai yuro.

Abu na biyu, kuma a ganina mafi wuya, shi ne abin da ke faruwa kafin kisa. Marubuta na son tsalle su kai ranar harbi, alhali watannin da suka gabace ta ne zuciyar labarin. Ɗauki ɗan kasuwa mai ƙaramin kamfani. Wasiƙa ce za ta iso masa daga ETA da tambarinta na maciji nannaɗe da gatari, ana neman “harajin juyin juya hali”, an rubuta adadi. In ya yi shiru, ta biyu za ta zo, harshenta ya fi kaushi, wani lokaci a aika wa matarsa ko wani ɗan'uwa don ya gane an san gidan. Da yawa ba sa faɗa wa kowa, har iyalinsu. Sai sunansa ya bayyana a bango cikin da'irar saitin bindiga. Ba mai gogewa, don duk wanda ya ɗauko fenti shi ma ya nuna kansa.

A nan dole marubuci ya san abin da ake kira kuadrilla, rukunin abokan da aka taso tare tun ƙuruciya, waɗanda ke zaga mashayu tare da yamma, su yi girki tare a ɗakin cin abinci na ƙungiyarsu da ake kira txoko. Mutumin da ba shi da kuadrilla a ƙaramin garin Bask tamkar ba shi da inuwa ne. To ba korarsa za a yi da baki ba. Zai shigo, hira ta mutu. Wanda suka yi shekara arba'in suna buga kati zai duba agogo ya ce ana jiransa a gida. Mai sayar da nama zai sallami matarsa ba tare da ya ɗaga ido ba. Wata maƙwabciya za ta gaishe ta a cikin lif in su biyu ne, ta wuce ta kamar ba ta san ta ba in sun haɗu a dandali. Yawancin masu wannan ba ƙinsa suke yi ba, tsoro ne, kowa na ta kansa. Labarin da ya mayar da duk garin mugaye ya sauƙaƙa wa mai karatu, ya ba shi damar cewa ni da ba zan yi haka ba.

Rayuwar wanda ake hara tare da mai gadi a wancan zamanin ma tana da ƙa'idojinta, kuma ba a yin su da ka. Kafin a tayar da mota sai an durƙusa an leƙa ƙarƙashinta, saboda bam mai maganaɗisu da ake mannawa a ƙasan mazaunin direba. Akwai masu yin kamar makulli ne ya faɗi don kada yara su gane. Ba a fita lokaci ɗaya kwana biyu a jere, ba a bin hanya ɗaya, a gidan abinci ana zama ana fuskantar ƙofa. Yara ba sa buɗe akwatin wasiƙu, ba sa shiga motar sai an tayar da ita. Matan 'yan sanda sukan shanya kakin miji a cikin ɗaki, su koya wa yaro wata sana'a da zai faɗa in an tambaye shi aikin babansa a makaranta. Kansilan da ke da masu gadi biyu sau da yawa ba wani babba ba ne, ma'aikacin banki ne ko ɗan fansho, shi ya sa abin ke da ban tausayi da ban dariya lokaci guda: mutum uku sun fito zubar da shara.

Sai ɗayan gidan. A nan kuskure iri biyu ne, ko a mayar da uwar ɗan ETA dodo, ko a wanke ta tas. Abin da ya tsara rayuwar waɗannan iyalai shi ne manufar warwatsa fursunoni da gwamnati ta ɗauka gadan-gadan daga 1989, don raba su da ikon ƙungiyar. Wanda aka kai Puerto de Santa María a lardin Cádiz yana nesa da gida da kusan kilomita 1,000. Iyali su shiga bas daren Juma'a, su kwana a hanya, su samu ziyarar minti 40 ta bayan gilashi, su juyo. Ƙungiyar iyalan, Etxerat, ta lissafa mutum 16 da suka mutu a haɗarin mota a irin wannan tafiya. Sai a 2023 aka kammala dawo da fursunonin gidajen yarin yankin. Uwar da ta yi shekara ashirin tana wannan zirga-zirga, in ta yarda ɗanta ya yi kuskure, to shekarun nata fa? Taurin kanta daga nan yake fitowa, kuma marubucin da ya gane haka ba ya buƙatar sa mata jawabin siyasa a baki.

Lissafin hukunci ma yana kayar da mutane. Kotu na iya yanke ɗaruruwan shekaru, amma iyakar zama a tsohuwar doka shekara 30 ne, gyaran 2003 ya kai shi 40. A 2013 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta rushe yadda aka yi amfani da tsarin lissafin da ake kira Parot, mai tsawaita zaman kaso, aka saki fursunoni da dama cikin 'yan makonni. Wanda ya yi kisa a 1986 zai iya fitowa da furfura, ya koma unguwar da gwauruwar take.

Ba za a rubuta gaskiyar wannan gida a tsallake laifin hukuma ba. Daga 1983 zuwa 1987 ƙungiyar GAL, da jami'an ma'aikatar cikin gida ta Sifaniya suka ɗauki nauyinta, ta kashe mutum 27, wasunsu ba ruwansu da ETA ko kaɗan. Samari biyu, Lasa da Zabala, 'yan GAL sun sace su a garin Bayonne na Faransa a 1983, aka binne su cikin farar ƙasa a lardin Alicante, ba a tantance ƙasusuwansu ba sai 1995. Dokar ta'addanci ta ba da damar tsare mutum har kwana biyar ba ya ganin kowa nasa, kuma wani bincike da gwamnatin Bask ta sa aka yi, wanda ya fito a 2017, ya tattara ƙorafin azabtarwa sama da 4,000 daga 1960 zuwa 2014. Amma a nan akwai wani ramin: ɗora komai a ma'auni don ya yi daidai, babi ɗaya na wannan, babi ɗaya na wancan, hawaye daidai wa daida. Iyalan waɗanda aka kashe sun daɗe suna ƙin wannan, kuma suna da hujja. Uwa mai tafiya Cádiz tana shan wahala, amma tana dawowa da muryar ɗanta a kunne. Ɗayar maƙabarta take zuwa. Ana iya nuna ciwon biyun ba tare da an ce iri ɗaya ba ne.

Game da harshe, kaɗan ya isa. Ama da aita, wato uwa da uba, har masu magana da Sifaniyanci suna faɗarsu a gida. Txakurra, kare, zagin da ake yi wa ɗan sanda ne. Maketo kuma tsohon zagi ne ga baƙin da suka zo aikin masana'antu daga wasu sassan Sifaniya, duk da cewa wasu 'ya'yan baƙin ne suka fi kowa zafi a ƙungiyar, don su nuna su ma 'yan gida ne. Cusa kalmomin Euskara, harshen Bask, a kowane layi ado ne kawai.

Inda aka fi yin ha'inci shi ne ƙarshe. Mai karatu na son a rungumi juna, marubuci kuma na son ya ba shi. Gaskiya ne an yi ganawar sulhu: daga 2011 wasu fursunonin gidan yarin Nanclares da suka bar ƙungiyar sun zauna ido da ido da iyalan waɗanda aka kashe, bayan watanni na shiri da masu shiga tsakani, ba tare da alkawarin rage hukunci ba. Amma su 'yan tsiraru ne, kuma barin ƙungiyar ba wasa ba ne. Yoyes, tsohuwar jagora da ta ajiye makami ta dawo gida, an harbe ta a Ordizia a 1986 gaban ƙaramin ɗanta. Wanda ya tuba yakan rasa kuadrillarsa, a cire hotonsa daga bangon mashayar da ake rataye hotunan fursunoni, uwarsa ta fara ganin irin juya bayan da aka yi wa maƙwabciyarta. Waɗanda ba su tuba ba kuwa an yi ta tarbar wasunsu da rawa da furanni, bikin da ake kira ongi etorri, wani lokaci a kan titin da gwauruwar ke bi zuwa kasuwa.

Sannan kisan ETA sama da 300 har yau ba a yanke wa wanda ya aikata hukunci ba, da yawansu kuma wa'adin shari'arsu ya wuce. A irin wannan gida ba wanda za a yafe wa ko a ƙi yafe wa, don ba a san fuskarsa ba. An dai san wani ne a unguwar ya lura da lokacin da mutumin ke fitowa sayen jarida, ya rubuta a takarda ya miƙa, kuma mai yiwuwa har yanzu yana cikin waɗanda ake haɗuwa da su a layin gidan burodi.