Godiya ga duk wanda ya tsaya mani, an kare kundi lafiya

Assalamu alaikum mutanen Damagaram da na nesa. Alhamdulillahi, ranar Alhamis da ta wuce na tsaya gaban malamai a Yamai na kare kundina na mastar a fannin fizik, Allah kuma ya rufa asiri an fito lafiya. Tun da na iso gida wayata ba ta huta ba, wasu na ɗauka wasu wallahi ban samu na ɗauka ba, shi ya sa na ce bari in rubuto nan gaba ɗaya kar wani ya ga kamar na raina kiransa.

Inna da Baba su ne farko. Shekara biyu Inna na tambayata wai me nake aunawa haka da ba ya ƙarewa, ni kuma in ce mata sakan goma nake nema. Sai ta ce to Allah ya sa a gani, amma daga kallon da take mani na san tana zaton karatu ya fara taɓa ni. Wajen walima ma da yawa sun yi tambayar nan, hayaniya ta hana in yi bayani, to ga shi.

Nutron wani ɗan mitsitsin abu ne a tsakiyar ƙwayar zarra, shi ne ma ake harba wa iraniyom irin namu na Arlit ya tsage. In ya fito waje shi kaɗai ba ya daɗewa, wajen minti 15 sai ya rikiɗe ya koma furoton, abokin zamansa a tsakiyar zarra, ya saki elektaron da wani abu da ake ce ma antinutrino. Rigimar ita ce minti 15 ɗin nan sakan nawa ne cif. Akwai masu hanyar kwalba, su sanyaya nutron suke har gudunsu ya koma 'yan mitoci a sakan, mai keke ma sai ya wuce su, su tara su wuri guda su jira, sannan su ƙirga nawa suka rage. Na Los Alamos a Amurka sun samu sakan 877.75 a 2021, kuskurensu bai kai rabin sakan ba. Akwai kuma masu barin nutron su yi ta kwarara, su kuma suna tare furoton ɗin da ake haifa a hanya suna ƙirgawa, na NIST, hukumar awo ta Amurka, sun samu 887.7 a 2013, kuskure wajen sakan 2. Tsakaninsu sakan goma ke nan, kuma kowa ya kafe ma'auninsa daidai yake. Tun 2005 ake wannan ja-in-ja, lokacin da wasu Rashawa masu aiki a Grenoble ta Faransa suka fito da 878.5. Ba wasa ba ne fa, lissafin yawan iskar heliyom da ta samu a mintocin farko na sararin samaniya da wannan lamba ake yin shi.

Mu nan ba mu da injinan, aikina duk a kwamfuta ne, in ɗauki alƙaluman da suka wallafa in kwaikwayi gwajin in ga inda kuskure zai iya laɓewa.

A nan ne zan gode ma Kawu, mai sayar da hatsi a kasuwar Dole. Hutun bara ina zaune rumfarsa ina ta yi mashi burga wai in ka yawaita awo kuskure raguwa yake, in ka ninka ƙirga sau huɗu ya ragu da rabi. Bai ce komai ba, ya miƙa hannu bayan buhu ya jawo wata tsohuwar tiya da gindinta ya lotsa ciki, ya aje gabana ya ce, ɗana auna da wannan sau dubu mu gani ko buhun zai cika. Wallahi shiru na yi. Babi na uku na kundin daga tiyar nan ya fito, don su masu kwarara tiyarsu wani ɗan siririn shafe ne na sinadarin litiyom-6 da ke gaya masu nutron nawa suka wuce, in suka kuskure saninsa da kashi 1 cikin 100 kawai, kusan sakan 9 ya tafi, kuma ko shekara nawa suka yi suna ƙirga ba zai gyaru ba. Kawu, Allah ya ƙara ma kasuwa albarka.

Su kuma masu kwalba, matsalarsu randar Inna ce. Duk wanda ya tashi a Zinder ya san yadda ake tsaron ruwa, Inna har alama take yi ma randa da gawayi, in ruwa ya sauka ta hau mu da faɗa wai mun sha, ashe randar ce ke tsatsafowa ta gindi. Haka nutron in ya taɓa bango ya ɓace, sai a sa shi cikin waɗanda suka rikiɗe, rayuwar ta fito gajera. Shi ya sa na Los Alamos suka shimfiɗe kwanon nasu da maganaɗisu don kar nutron ya taɓa bango, saman kuma a buɗe yake, nauyinsu ke maido su ƙasa. Da na kawo misalin randa gaban juri, ɗaya daga cikinsu dariya ya yi har ya cire gilashi.

Malamina da ya duba aikin, na gode da haƙuri. Ya hana ni kallon sakamako sai na gama tsara hanyar lissafi, na ji haushi sosai lokacin, sai daga baya na karanta su ma na Los Alamos rukuni uku suka yi kowa na lissafinsa, an ɓoye masu ainihin lambar sai da suka gama. Da mushenmu na lise da ke rage mana maki in ka rubuta awo ba ka sa kuskurensa a gefe ba, Mushe mun yi ta zaginka a ɓoye, ka yafe mana.

Saura sati uku in kare, aka maido wuta da ƙarfi cikin dare kwamfutata ta ƙone. Na zauna bakin katifa ko kuka na kasa. Ƙanwata ce ta cece ni, ita ta matsa mani tun watan azumi sai na tura mata kundin ta waya wai tana so ta gani, babi biyu kawai na sake rubutawa. Abokin ɗakina ya bar mani tasa kwamfutar kwana ashirin, Yaya kuma ta aiko da jaka hamsin ba tare da na buɗe baki ba. Allah ya saka maku da mafificin alheri.

Matan unguwa da suka kwana kan tukunya, samarin da suka jera tabarmi, malaman da suka yi addu'a, waɗanda suka taso tun daga Mirriya da Matamaye, Allah ya maida kowa gidansa lafiya, ya bar zumunci. Sai dai Inna ta ce in sanar, babban kwanonta mai jan murfi bai dawo ba tun ranar Asabar, don Allah wanda aka zuba ma tuwo ciki ya aiko yaro da shi.