Tumatirin da na kusa kashewa da ban ruwa

Filin bai wuce mita 5 a tsaye da mita 3 a kwance ba, can bayan gida inda muke jibge fasassun bokitai da kujerun da suka karye. Abin da ya ja hankalina gare shi rana ce: tana sauka a kansa tun hantsi, ba ta barinsa sai bayan la'asar, kusan awa 7 ke nan. Wannan kaɗai ne na yi daidai tun farko, shi ma ba da sani ba. Daga baya na gane cewa duk kayan lambun da ake shukawa don 'ya'yansu, tumatir ne, tattasai ne, kuɓewa ce ko kokwamba, suna neman ranar awa 6 zuwa 8 a yini, in ba su samu ba sai su yi ta miƙewa sirara ba abin kirki.

Na share wurin, na kafce shi, na cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a daidai lokacin da zafi ya fara kankama. Tumatir 12, tattasai 8, kuɓewa layi 2, kokwamba 4 a jikin shinge, wake layi 1, sai latas a ƙuryar da ta rage. Yanzu in na tuna yawan abin da na cusa a wannan ɗan fili dariya nake yi. Kwaɗayi ne kawai.

Asarar farko ta zo ne ranar dashe. Na reni irin tumatirin a cikin 'yan gwangwanaye a inuwar baranda, suka yi kore shar, ni kuma zumuɗi ya sa na kwashe su da tsakar rana na dasa. Kafin magariba 3 sun kwanta, ba su sake tashi ba. Tsiron da ya girma a inuwa bai san zafin rana ba, sai an saba masa a hankali: yau awa 1 a waje, gobe 2, ana ƙarawa har mako guda ko kwana 10, sannan a dasa shi da yamma ya samu dare ɗaya ya huta kafin rana ta same shi. Waɗanda na maye gurbinsu da su haka na yi musu, kuma na binne karansu har kusa da ganyen farko, domin tumatir yana fitar da sababbin saiwoyi a duk inda karansa ya shiga ƙasa. Ko ɗaya bai mutu ba.

To, sai maganar ruwa, wadda ita ce ta ci min rabin bazarar.

Kullum safe da yamma ina tsaye da tiyo, na ɗora babban yatsa a bakinsa ruwa yana feshi kamar yayyafi. Minti 5 nake yi. Ganye ya jiƙe yana sheƙi, ƙasa ta yi duhu, ƙamshinta ya tashi, ni ma raina ya yi sanyi, in naɗe tiyo in shige gida ina ganin na sauke nauyi. A mako na 3 na lura da azahar komai yana yaushi, ganyen tattasai ya rataye kamar kunnen akuya. Sai na ƙara ban ruwa na uku da tsakar rana. Abin bai gyaru ba.

Wata safiya dattijon da muke katanga ɗaya da shi ya leƙo, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, wanka kake yi wa ganyen ko shayar da shukar kake yi?"

Na ce, "Baba, ai sau uku nake ba su a rana."

Ya ce in ajiye tiyon in tona ƙasa da hannu a gindin tattasai ɗaya. Na tona. Sama laka ce, amma ban kai zurfin gaɓa biyu ta yatsa ba na tarar da ƙasa busasshiya, tana zuba kamar gari. Ya sa na tuge tattasai guda, wanda ya fi kowa laushi. Saiwoyinsa duk a shimfiɗe suke a sama-sama, babu wadda ta nufi ƙasa. Bai ƙara cewa komai ba sai, "Ka gani ai," ya koma harkarsa.

Da daddare na zauna na yi lissafi, don abin ya tsaya min a rai. Tiyona yana cika bokiti mai lita 15 a minti 2. Ke nan ko ban ƙirga na tsakar rana ba, minti 5 sau biyu a rana ya kai lita 75, a mako lita 525. Ƙa'idar da masu lambu suka saba bi ita ce ruwa mai zurfin santimita 2.5 a mako, wato lita 25 ga kowane murabba'in mita, a ƙara idan zafi ya tsananta. Fili na murabba'in mita 15 ne, lita 375 ke nan. Ashe ba rowar ruwa nake yi ba, har na zarce. Yadda nake bayarwa ne matsalar. Kowane feshi bai fi jiƙa santimita 2 ko 3 na sama ba, wani ya zuba a kan ganye, wani a hanya, kuma kafin azahar rana ta shanye shi. Saiwa kuwa inda danshi yake nan take bi. Na koya wa shukokina su ajiye saiwarsu a wurin da ya fi ko'ina zafi da saurin bushewa, sannan na dawo ina mamakin yaushinsu.

Ban sauya a rana ɗaya ba, domin shukar da ta saba da sha a sama in ka yanke mata kwatsam ta mutu. Na yi wa kowane gindi ɗan kwari kamar akushi, na cire yatsa daga bakin tiyo, na rage ƙarfin ruwan ya riƙa gangarowa a hankali har kwarin ya cika ya tsotse, in sake cikawa. Makon farko kullum da asuba, mako na biyu ina tsallake kwana 1, daga baya sai bayan kwana 2 ko 3, gwargwadon yadda zafin ya kasance. Abin da nake nema shi ne danshi ya kai zurfin taƙi guda, kamar santimita 15 zuwa 20. Kafin in taɓa famfo kuma sai na soka yatsa a ƙasa har gaɓa ta biyu. In na ji sanyi-sanyi, in bar su. In na ji a bushe, in ba su su ƙoshi.

Wani abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in yarda da shi shi ne yaushin azahar ba kullum yake nufin ƙishi ba. Kokwamba musamman, mai faffaɗan ganye, takan saki jiki da rana ko da ƙasa na da laima, saboda ruwan da ganye ke fitarwa ya fi wanda saiwa ke iya jawowa a wannan sa'ar. Da yamma ta miƙe abinta. Yaushin da ake tsoro shi ne wanda ka tarar da sassafe. Shi ma sai ka tona ka duba, don shukar da ruwa ya kwanta mata har saiwarta ta rasa iska ta fara ruɓewa, kamanninta ɗaya da mai jin ƙishi. In ka ƙara mata ruwa ka ƙarasa ta.

Sai na rufe ƙasar gaba ɗaya da busasshiyar ciyawa da busassun ganye, kaurin santimita 5 zuwa 8, na bar ɗan sarari a kewayen kowane kara don kada ya ruɓe. A duk abin da na yi a lambun nan, babu wanda ya biya ni kamar wannan, kuma aikin yamma ɗaya ne. Da azahar in ka ɗora tafin hannu a kan ƙasar da ba a rufe ba sai ka janye, amma in ka cusa shi ƙarƙashin ciyawar sanyi za ka ji. Ciyayin da nake fama da cirewa ma suka ragu sosai.

Duk da haka tumatir bai yafe min nan da nan ba. 'Ya'yan farko da na yi ta ɗoki a kansu, da na juya su sai na ga ƙasansu ya yi baƙi, ya lotsa, ya yi tauri kamar fata. Na ɗauka cuta ce, har na yi niyyar neman maganin feshi. Ba cuta ba ce, kuma ba ta yaɗuwa. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ƙarshen ɗan ba lokacin da yake girma, shi kuwa kalsiyam a cikin ruwa yake tafiya daga saiwa zuwa sama. Yawanci akwai shi a ƙasa, abin da ya rasa shi ne ruwan da zai ɗauke shi ba yankewa. Waɗannan 'ya'yan sun ƙullu ne a makonnin da nake feshin sama, shaidar laifina ce ta fito a makare. Wani ya ce in daka ɓawon ƙwai in zuba. Ba laifi, amma ɓawon ƙwai yana daɗewa kafin ya narke a ƙasa, ba zai ceci tumatirin bana ba. Na tsinke masu tabon na yar, waɗanda suka biyo baya suka fito lafiya. Sau ɗaya kawai aka koma gidan jiya, da na yi tafiyar kwana 4 na dawo na tarar da ƙasa ta bushe, tausayi ya sa na malala musu ruwa. Kwana 2 bayan nan manyan da suka kusa nuna duk suka tsattsage, cikinsu ya kumbura da ruwa fiye da yadda fatar za ta iya ɗauka.

Zubar fure kuwa rabi laifin zafi ne, rabi nawa. Idan zafin rana ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, dare kuma bai yi sanyi ba, garin furen tumatir da na tattasai yakan lalace, furen ya bushe ya faɗi bai ƙulla ba. Wannan ba ni da iko a kansa, iyakacina na ɗaura tsohon gidan sauro a gefen yamma ya rage musu kaifin ranar la'asar, da safe kuma in ɗan girgiza sandunan da na ɗaure su a jiki, tun da furen tumatir da garin kansa yake ƙulla ɗa, motsi kawai yake so. Nawa laifin shi ne taki. Ganin sun yi laushi a farko ya sa na yi ta barbaɗa musu takin zamani mai yawan naitirojin. Lambobi 3 da ke jikin buhun taki, na farko naitirojin ne, na biyu fosfaras, na uku fotasiyam, kuma na farkon ganye yake ginawa. Tumatirin da suka fi shan wannan gata suka zama kurmi, ganye har ya fi ƙarfin sanda, 'ya'ya kuwa sai ka laluba. Wake ma haka, alhali shi da kansa yake samar wa kansa naitirojin ta hanyar 'yan ƙwayoyin halitta da ke zaune a saiwarsa.

Latas ba ta da dogon labari. Shukar sanyi ce, ni na kawo ta lokacin da ba nata ba. Ta yi mako 3 tana kyau, sai ta miƙa kara tsakiya za ta yi fure, ganyen ya yi ɗaci da farin ruwa kamar madara. Na tuge ta na shuka wake a wurin.

Kuɓewa ce ta share min hawaye. Na jiƙa irinta ya kwana a ruwa kafin shuka, ta tsiro, kuma duk yadda rana ta buɗe ita murna take yi. Wajen wata 2 ta fara bayarwa. Furenta yini ɗaya yake yi, bayan 'yan kwanaki ɗan ya isa tsinka, in ka yi sakaci ya wuce tsawon yatsa sosai ya zama itace. Bayan kowane kwana 2 nake zagayawa da wuƙa, kuma na lura muddin ana tsinka tana ƙara bayarwa, in aka bar wasu suka ƙosa a jiki sai ta ja baya.

Kokwamba ta ba ni haushi kwana 10 tana fure ba ɗa, sai da na duba da kyau na ga furen iri biyu ne. Na miji shi ke fara fitowa a kan siririn tsinke, na mace kuma yana da ɗan ƙaramin kokwamba a bayansa tun kafin ya buɗe. Sai ƙudan zuma ya ɗauko gari daga wannan ya kai wa wancan. Ni kuma a makon ne na ga darɓa ta cika bayan ganyen tattasai, tururuwa na hawa da sauka don zaƙin da take fitarwa, na yi feshin maganin ƙwari da hantsi, daidai lokacin da zuma ke aiki. Kwanaki ban sake jin kukansu ba. Dole na koma ina tsinko furen miji da sassafe, in cire ganyayensa, in goga tsakiyarsa a cikin na mace, ɗaya bayan ɗaya, ina tsugune kamar mai neman allura. Darɓar kuwa daga baya ruwa mai ƙarfi na riƙa watsa wa bayan ganyen, in ta yi yawa in fesa ruwan sabulu tsarma-tsarma bayan rana ta faɗi. Ya wadatar.

Da tumatirin suka gama, na ɗauki cebur na haƙo ɗaya a hankali don in ga abin da ke ƙasa. Saiwar ta nutse fiye da kamu guda, har sai da ta tsinke ban ga ƙarshenta ba. Na ɗaga ta saman katanga na nuna wa Baba, ya gyaɗa kai ya ce in duba na kuɓewar ma. A layi na biyu na tarar da gindi 3 saiwarsu ta yi ƙulu-ƙulu. Na ce ai irin na wake ne. Ya ce a'a, in murza in gani: na wake a gefe suke manne, suna ɓallewa da yatsa, cikinsu ja-ja, waɗannan kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, aikin wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, kuma suna cin tumatir ma. Na tattara su na ƙona, ban zuba su cikin taki ba. A littafin da nake rubuta ranakun shuka na zana filin, na yi wa wannan layin alama, na rubuta masara a kansa don shuka ta gaba.