Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mini a Aikin Gwiwata

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, an yi mini aikin sauya gwiwar dama a Asibitin Ƙashi na Dala, an sallame ni, kuma yanzu ina zagaya tsakar gida da sanda ɗaya. Saƙonni sun taru a wayata har na rasa ta inda zan fara amsawa, wasu kiran kuma sun shigo lokacin da ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani. Shi ya sa na ga gara in rubuta a wuri ɗaya. Wanda ya kira bai same ni ba ya yi mini afuwa, ba shariya ba ce.

Waɗanda muka koyar tare sun san tun kafin in yi ritaya gwiwar nan take ba ni wahala. Tsayuwar gaban allo ta gagara, hawa bene ya zama aiki, salla ta koma kan kujera. Babu man zafin da ban shafa ba. Da aka ɗauki hoto, likita ya nuna mini yadda guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi, ƙafar har ta fara gwamewa. Ya ce magani zai rage zafi, amma abin da ya cinye ba ya tsirowa. Na daɗe ina jan ƙafa a kan maganar aikin, don kowa da abin da yake faɗa. Akwai wadda ta rantse mini cewa yanke ƙafar ake yi a jona ta roba.

To ba haka ba ne, kuma godiyata ta farko bayan Allah ga likitan da ya yi aikin take, saboda ya zauna ya yi mini bayani da Hausa, da gwiwar roba a hannunsa. Saman ƙasusuwan da suka lalace ake gogewa, a lulluɓe su da ƙarfe, a sa wata roba mai tauri a tsakani ta maye gurbin guringuntsi. Jijiyoyinki da namanki da ƙafarki duk suna nan. Ya ce irin wannan gwiwa takan kai shekara 15 zuwa 20, wani lokaci ma fiye, idan an kula da ita. Na gode wa likitar da ta yi mini allurar baya, wadda ta kashe ni daga ƙugu zuwa ƙasa. Ina jin ƙarar na'ura da bugun guduma sama-sama, ita kuwa tana tsaye a kaina tana cewa, "Mama, ki ci gaba da salatinki, komai na tafiya daidai." Asibitin nan tun 1959 yake, ya girme ni, amma yaran da ke riƙe da shi yanzu sa'o'in 'ya'yana ne, kuma sun riƙe ni kamar uwa. Nas-nas na dare, masu shara, mai tura keke, Allah Ya saka muku da alheri.

Na gode wa samarin gidanmu da abokan babban ɗana da suka ba da jini. Na gode wa ƙannena da tsofaffin ɗalibaina da suka haɗa hannu a kan kuɗin aiki, wanda duk mai hankali ya san kuɗin fansho ba zai ɗauka ba. Kun ce kada a ambaci suna, na kiyaye. Wanda kuka yi dominSa Ya san ku.

Amma abin da ya fi sa ni wannan rubutu shi ne maganar magani. Kowa yana tambaya yaya ɗinki, yaya ƙafa. Gaskiyar magana, magungunan kashe zafi sun fi ɗinkin wahalar da ni, kuma mutanen da suka ɗauki nauyin wannan ɓangare ba a cika ganin aikinsu ba.

Da allurar bayan ta sake, zafi ya zo da gaske. Aka fara da allura mai ƙarfi a asibiti, da za a sallame ni aka rubuta mini tiramadol na ɗan lokaci, da farasitamol, da maganin hana jini yin guda a jijiyar ƙafa. Zafin ya lafa, amma sai tashin zuciya ya biyo baya. Ƙamshin farfesun da aka dafa domina ma sai ya juya mini ciki. Ga jiri, in na miƙe sai ɗakin ya juya, wanda ga mai sabuwar gwiwa ba ƙaramin haɗari ba ne, don faɗuwa ɗaya tana iya mayar da hannun agogo baya. Ga ƙaiƙayi a fuska da wuya, ga bushewar baki, ga gyangyaɗi. Masu dubiya na magana ina amsawa da ka, an ce har na taɓa yi wa wata surukata gaisuwar rasuwar da ba a yi ba. Allah Ya ba ki haƙuri, maganin ne.

Sai kuma wanda ake jin nauyin faɗa, ni dai na tsufa zan faɗa: taurin bayan gida. Irin waɗannan magunguna suna rage motsin hanji, ga kwanciya, ga rashin cin abinci, ga shi ina ƙin shan ruwa don gudun yawan tashi fitsari. Nas ta gargaɗe ni tun a asibiti, amma jin abu daban, ganinsa daban. Ciki ya kumbura ya yi tauri, har na manta da gwiwar. A nan zan gode wa 'yata ta biyu, wadda ta bar gidanta da yaranta ta tare a wurina. Ita ta kira asibiti ba tare da kunya ba ta faɗi abin yadda yake. Aka ƙara mini wani ruwan magani mai zaƙi, laktulos, da ƙwayar sena, wadda mai ba da magani ya ce daga ganyen filasko ake yin ta, sai dai ita a aune take, ba kamar wanda ake dafawa a gida a sha kofi guda a kwana a banɗaki ba. Ita kuma ta tsare ni da gwanda da kankana da miyar kuɓewa da kwaɗon zogale, da gorar ruwa a gefen gado tana duba inda ya tsaya. Tuwon shinkafa da burodi ta ɗauke su daga gabana na wani lokaci. Mun yi faɗa a kan wannan, ita ce da gaskiya. Ta buɗe ɗan littafi tana rubuta kowace ƙwaya da lokacin da na sha, kuma wannan littafin ne likita ya duba ya rage mini yawan tiramadol ɗin, ya ba ni maganin tashin zuciya, ya ce in daina sha da wofin ciki, in riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin in miƙe.

Sunan maganin kansa ya tayar da ƙura a gida. Kowa a Arewa ya san ɓarnar da tiramadol da kodin suka yi wa matasanmu. Muna nan a 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, kuma kullum muna jin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ta kama lodin ƙwayoyi. Da maigidana, Malam, ya ga kwalin sai fuskarsa ta canza, ya ce shi ba za a mayar masa da mata 'yar ƙwaya da tsufanta ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma gabana ya faɗi. Na gode wa mai ba da magani na asibiti, wanda ya bar layi na jira ya yi wa Malam bayani a tsanake. Ya ce wanda hukuma ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, waɗanda ake kamawa kuwa su ne masu 200 da 225 da sama, da ake sayarwa a bayan fage ba takardar likita. Ya ce maganin yana da haɗari, yana iya sa farfaɗiya idan ya yi yawa, ba a haɗa shi da maganin barci, kuma jiki yana sabawa da shi, shi ya sa ake ba da shi na gajeren lokaci, a janye shi a hankali. Amma ya ƙara da abin da ya zauna mini: wanda zafi ya hana motsa gwiwa a makonnin farko, gwiwar sanƙarewa take yi, a yi asarar aikin gaba ɗaya. Daga ranar Malam ya karɓi mukullin durowar da ake ajiye maganin, saboda jikoki da masu shige da fice, ya zama shi ke miƙo mini. Na gode, Malam. Ka yi haƙuri da faɗan da na riƙa yi maka da tsakar dare.

Janyewar ma ba ta zo da sauƙi ba. Da aka fara ragewa, sai gumi da dare, da hamma, da rashin barci, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya. Likita ya riga ya faɗa mana za a iya ganin haka, kuma ba yana nufin mutum ya zama mashayi ba. Ya wuce. Yanzu farasitamol kawai nake sha in na yi atisaye mai nauyi, shi ma an ja mini kunne kada ya wuce giram 4 a yini saboda hanta, kuma in riƙa duba magungunan mura, don da yawansu akwai shi a ciki. Ragowar tiramadol ɗin mun mayar asibiti, ba mu ajiye "saboda wata rana" ba.

Ga 'yan uwana masu dubiya da suka zo da magani a jaka, na san ƙauna ce ta sa. Wannan ta kawo haɗin kemis a ƙulle a leda, ja da fari da shuɗi, ba suna ba kwali. Waccan ta kawo diklofenak ta ce shi ya tayar da yayarta. Wata ta kawo jiƙo. Ban sha ba, kuma ina so ku san dalili don kada a ce na raina. Ina da gyambon ciki tun da daɗewa, ga hawan jini, ga maganin tsinka jini da nake kai a lokacin. Diklofenak da ibufurofen da asfirin idan suka haɗu da wannan suna iya sa ciki zubar da jini, suna kuma taɓa ƙoda. Haɗin kemis kuwa wanda ya kawo shi ma bai san abin da ke ciki ba. Ni a ganina wannan al'ada tamu ta miƙa wa mara lafiya abin da ya yi wa wani aiki tana kwantar da mutane fiye da yadda muke zato, tsofaffi musamman. Dabino da lemon da kuka kawo dai na cinye tas.

Sai ɗan nan na sashen gashin ƙashi. Washegarin aiki ya zo ya ce, "Mama, yau za mu tsaya." Na ce yaro ka san abin da kake faɗa kuwa? Ya sani. Ya tsayar da ni a kan ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, na yi 'yan taku ina kiran sunan Allah. Kullum yana zuwa da ma'auninsa yana duba lanƙwasar gwiwa, ya ce sai mun wuce digiri 90 kafin in iya zama a kujera da tashi ba taimako, kuma miƙewarta sosai ta fi lanƙwasar muhimmanci, don haka ya hana ni sa filo a ƙarƙashin gwiwa, duk da nan ne daɗin yake. Shi ya koya mana in sha magani kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin atisaye. Na yi masa tsawa, na yi masa kuka, ban taɓa ganin ya ɓata rai ba. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka.

Abokiyar zamana, Yaya, ban san da wane baki zan gode miki ba. Shekarun da muka yi tare mun yi daɗi mun yi akasinsa, amma ke kika riƙa tashi da asuba ki kama ni zuwa banɗaki, ki zuba mini ruwan alwala, ki riƙe girkina da naki. Da farko kin so a yi gashi da ruwan zafi da tawul kamar yadda muka gada, da aka ce sabon ɗinki ƙanƙara yake so saboda kumburi, ke kika riƙa aikawa gidan maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara duk ranar da ba wuta, ita kuma ta ƙi karɓar ko sisi. Na gode muku ku biyun. Na gode wa mijin 'yata da ya kawo mai gyaran famfo aka sa mini masai na zama da ƙarfen dafawa kafin in dawo gida, don tsuguno ya ƙare mini. Duk wanda za a yi wa irin wannan aiki, ya fara da wannan gyaran kafin ya sayi komai.

Malamarmu ta Islamiyya da 'yan ajinmu, addu'arku ta iso. Na damu da maganar sujada, don an ce durƙuso a kan sabuwar gwiwa ba kowa ke iyawa ba, wasu har abada. Malama ta tuna mini hadisin Imrana ɗan Husaini, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Yanzu ina tsayuwa da ruku'u da ƙafafuna, in zauna a kujera in yi sujada. Jikokina kuma, masu kira na mai ƙafar ƙarfe suna kawo mayen ƙarfe wai su gwada ko zai kama, zan rama.

Halin da nake ciki: gwiwar tana kumbura da yamma, tana ɗan ƙara ƙas-ƙas in na taka, gefen tabon a mace yake ba na jin taɓi sosai. Likita ya ce duk wannan ba abin tsoro ba ne, warkewa sosai tana iya kai shekara. Abin da ya ce in garzaya asibiti a kansa shi ne zazzaɓi, ko ruwa daga ɗinki, ko kumburin sharaɓa mai zafi, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ko baƙin bayan gida. Alhamdu lillahi ban ga ko ɗaya ba.

Masu son zuwa, ƙofa a buɗe take, amma ku zo bayan la'asar, da safe ina wajen atisaye. Biki da suna ku ɗaga mini ƙafa zuwa wani lokaci, zaman tabarma bai yiwu ba tukuna. Ƙarfen koyon tafiyar da kujerar wanka suna nan na gama da su, duk wanda yake da mara lafiyar da ke buƙata ya yi wa 'yata magana ya zo ya ɗauka. Ku kuma sa matan da na baro a ɗakinmu na asibiti a addu'a, akwai wata baiwar Allah daga ƙauye da aka ɗage aikinta saboda kuɗi bai cika ba, mai hali ya neme ni in haɗa shi da danginta.

Wassalamu alaikum.